Route 128: tarihin hanyar da ta kwashe arzikin Boston zuwa garuruwan kewaye

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin tsara birane. Malaminmu ya kawo misalin wata hanya a jihar Massachusetts ta Amurka mai suna Route 128, ya ce ita ce ta raya garuruwan da ke kewayen birnin Boston. Ina son a ba ni tarihinta. Kuma da gaske ne hanya kaɗai tana iya haifar da gari?

Amsa: Ƙanena, malaminku ya zaɓi misalin da ya dace, domin da wuya a yi zancen yadda garuruwan gefen birni suke bunƙasa ba a ambaci wannan hanya ba. Na zauna a yankin lokacin da nake karatun digiri na biyu, na bi ta a mota da bas sau ba adadi, saboda haka abin da zan gaya maka wani na karatu ne, wani kuma ganau ne. Tambayarka ta biyu zan fara amsawa: a'a. Hanya tana nuna wa dukiya inda za ta sauka, amma dukiyar daga wani wuri take tasowa, kuma wasu dokoki ne daban suke yanke wanda zai ci moriyarta. Bari mu bi tarihin daki-daki ka gani da kanka.

Ka fara gane abin da ake nufi da hanyar jiha a can. Yadda muke da hanyoyin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, haka su ma. Lokacin da aka gina mafi yawan 128, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta ma fara babban shirinta na hanyoyin da suka ratsa jihohi ba, don sai a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar wannan shiri. Ma'aikatar ayyuka ta jihar Massachusetts ce ta zana 128, ita ta gina ta, kuma jami'an jihar ne suka sha suka a kanta.

Boston tsohon gari ne a ma'aunin Amurka, tun 1630 aka kafa shi a bakin teku. Titunansa da layukan dogonsa duk daga tsakiyar gari suka taso suka bazu, kamar yatsun hannu da suka haɗu a tafi. Wanda yake kan wannan yatsa yana son zuwa wancan, tilas ya gangaro tafin hannun, ya kutsa ta lungunan da aka yi tun zamanin keken doki, sannan ya sake fita. A shekarun 1920, da motoci suka yi yawa, jihar ta ɗauki wasu tsofaffin titunan ƙananan garuruwa ta ba su lamba ɗaya, wato 128, don direba ya riƙa bin allo yana zagaye Boston ba sai ya shiga ba. Ba a zuba sabuwar kwalta ba, alluna kawai aka kakkafa. Hanyar ta ratsa tsakiyar garuruwa irin su Dedham, Needham, Waltham, Lexington da Woburn, ta gaban coci da makaranta da shaguna, kwana bayan kwana. Ranakun hutu a lokacin zafi, idan jama'a suka ɗunguma zuwa bakin teku, sai garuruwan nan su cushe.

Mutumin da sunansa ya manne wa sabuwar hanyar shi ne William Callahan, wanda ya zama kwamishinan ayyuka na jihar a 1934. Shi ya dage a kan a yi titi na daban, tagwaye, wanda babu gida ko shagon da zai buɗe ƙofa a kansa, babu mararraba, babu fitilar ba da hannu, sai dai a hau ko a sauka ta wuraren da aka tanada. An soma wani ɗan yanki a arewa, wajen Peabody da Lynnfield, a 1936. A 1939 aka sauke Callahan, yaƙin duniya na biyu ya biyo baya, aiki ya tsaya. Da Paul Dever ya hau kujerar gwamna a 1949 sai ya dawo da shi, shi kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. A watan Agustan 1951 aka buɗe babban yanki mai tsawon kusan mil 22, daga Wakefield zuwa Wellesley. Sassan kudu, har zuwa Braintree, aka ƙarasa su wajen ƙarshen shekarun 1950.

Don a rage kuɗin diyya, an kauce wa tsakiyar garuruwa. Titin ya bi ta gonaki da fadamu da dazuzzuka, ta ramukan haƙar tsakuwa da wuraren kiwon aladu, nisan mil 10 zuwa 15 daga tsakiyar Boston. Shi ya sa masu suka suka raɗa masa "hanyar da ba ta zuwa ko'ina", wasu kuma suka ce "wautar Callahan". Kada ka yi saurin ganin baikensu. A lokacin duk wanda ya san harkar sufuri ya san aiki yana cikin birni, don haka hanya mai amfani ita ce wadda ta nufi birni. Ko waɗanda suka zana ta, hanyar wucewa suka ɗauke ta, irin wadda muke kira baifas. Ba su yi lissafin cewa bakinta ne zai koma wurin zuwa ba.

Wanda ya hango abin tun da wuri wani matashin dillalin filaye ne, Gerald Blakeley, na kamfanin Cabot, Cabot & Forbes. Ya lura da abubuwa biyu da suke neman haɗuwa. Na farko, masana'antun Boston da na Cambridge, birnin da ke manne da shi, a tsofaffin benayen jan bulo suke, hawa huɗu, hawa biyar, waɗanda aka gina lokacin da jirgin ƙasa ke kawo kaya, ma'aikaci kuma ya zo a ƙafa ko a taragon cikin gari. Bayan yaƙi kiɗa ya canza. Kaya suka koma bin manyan motoci, aikin masana'anta ya koma son shimfiɗaɗɗen gini hawa ɗaya inda kaya za su shiga ta nan su fita ta can, ma'aikata kuma suka sayi motoci suna neman wurin ajiyewa. Cikin birni babu irin wannan fili, ga harajin gini mai tsada. Na biyu, injiniyoyi da malaman jami'ar MIT da Harvard da yawansu sun riga sun fara zama a garuruwan yammacin Boston, daidai inda hanyar za ta bi. Sai kamfaninsa ya sayi fili a Needham, a bakin 128, ya yanka shi, ya shimfiɗa tituna, ya jawo ruwa da wuta, ya sa ƙa'idar cewa kowane gini sai ya ja baya daga titi, ya bar ciyawa da bishiyoyi a gaba da filin motoci a gefe. Wannan wuri, New England Industrial Center, shi ya zama abin koyi ga sauran matattarar masana'antu da suka jeru a bakin hanyar, daga baya kuma a sassan Amurka da dama.

Abin ya yi sauri fiye da yadda kowa ya zata. A 1957 an ƙirga kamfanoni 99 a bakin 128, da ma'aikata kusan 17,000. A 1965 sun kai 574, a 1973 kuma 1,212. Polaroid da Sylvania da Raytheon duk sun kafa manyan gine-gine a Waltham da maƙwabtanta. 'Yan kasuwa suka bi sahu da manyan rukunin kantuna masu filin motoci dubbai: na Peabody a 1958, na Braintree a 1961, na Burlington a 1968.

To, a nan nake son ka tsaya ka yi tunani, domin a nan ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe. Da masu bincike na MIT suka bi waɗannan kamfanoni na farko suna tambayar daga ina suka zo, sai aka tarar mafi yawansu ba sababbi ba ne. Daga cikin Boston da unguwannin da ke manne da ita suka taso. Wato ribar da aka rubuta wa Needham da Waltham, wani kaso mai yawa nata asara ce da aka rubuta wa Boston. Ƙidayar jama'a ma haka ta nuna. A 1950 mutanen Boston 801,444 ne, a 1980 sun koma 562,994. Duk lokacin da aka ce maka hanya ta kawo ci gaba a wuri, ka tambaya daga ina ta ɗebo shi. Idan ba ka yi wannan tambaya ba, rabin lissafi kawai ka yi.

Akwai kuma sabon arziki na gaske, amma shi ma ba kwalta ce ta haife shi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yankin yana da jami'o'in da suka yi wa gwamnati aikin na'urar rada a lokacin yaƙi, sai ga yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ya zo, ma'aikatar tsaron Amurka ta riƙa zuba kuɗi. A 1951, shekarar da aka buɗe babban yankin hanyar, MIT ta kafa cibiyar bincike ta Lincoln Laboratory, wadda mazauninta yake Lexington kusa da sansanin jiragen sama na Hanscom, don ƙera tsarin gano jiragen abokan gaba. A 1958 aka ware wata cibiyar binciken tsaro mai suna MITRE daga cikinta, ta zauna a Bedford. Raytheon ta samu kwangilar makamai masu linzami. Da Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a 1957, kuɗin ya ƙaru. Injiniyoyin da suka goge a waɗannan cibiyoyi suka riƙa fita suna buɗe nasu kamfanonin. Ken Olsen da Harlan Anderson daga Lincoln Laboratory suka fito a 1957 suka kafa kamfanin kwamfuta na Digital Equipment da jarin dala 70,000. Kuma ka lura, ba a bakin 128 suka fara ba, a wata tsohuwar masaƙar ulu ce a garin Maynard, can gaba da hanyar, saboda haya ta fi sauƙi. Wasu biranen Amurka sun gina irin wannan hanyar zobe, ba su samu abin da Boston ta samu ba, don ba su da MIT, ba su da kwangilolin tsaro masu yawa haka.

Gidaje ma da nasu injin da ke tura su. Tun 1934 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke tsaya wa mai karɓar bashin sayen gida a banki, aka mayar da biyan bashin na shekaru masu yawa da ɗan kafin alƙalami kaɗan. Dokar 1944 ta sojojin da suka dawo daga yaƙi ta ba su damar sayen gida ko ba su ajiye komai ba. Ƙa'idojin wannan lamuni sun fi son sabon gida na iyali ɗaya a sabuwar unguwa, suna ƙyamar tsohon gini a cikin birni. Saurayin da ya dawo daga yaƙi ya yi aure, sai ya ga biyan bashin sabon gida mai tsakar gida da garejin mota bai fi kuɗin hayar da yake biya a bene a Boston ba. Hanyar ta zo ta ce masa ga inda filin yake, ga kuma wurin aiki minti goma sha biyar daga ƙofarka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan, wanda kuma nake ganin shi ne darasin mai tsara birane, shi ne yadda hanya ɗaya ta ratsa garuruwa maƙwabtan juna amma kowanne ya fito da kama daban. A Massachusetts akwai birane da garuruwa 351, kuma kowanne shi ke da ikon yanke abin da za a gina a ƙasarsa. A ƙananan garuruwa mazauna ne da kansu suke taruwa a zauren gari su kaɗa ƙuri'a a kan dokar fili. Kuɗin makarantu da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kuma mafi yawansa daga harajin gidaje da filaye na garin yake fitowa. Ka riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin komai.

Ɗauki Burlington. A 1950 ƙauyen manoma ne mai mutum 3,250. Ya buɗe ƙofa ga masana'antu da ofisoshi da kantuna da gidaje masu matsakaicin fuloti. A 1960 mutanensa sun kai 12,852, a 1970 kuma 21,980. Cikin shekara ashirin garin ya ninka kusan sau bakwai. Lexington, wadda ta fi karkata ga gidajen malaman jami'a da injiniyoyi, ta tashi daga 17,335 zuwa 31,886 a wannan tsakani. Sai kuma Lincoln, wadda take jifa kaɗan daga hanyar. Mutanenta suka hango abin da ke tafe, a 1955 suka yi dokar cewa ba za a gina gida a fili da bai kai kusan eka biyu ba, daga baya kuma suka riƙa sayen gonaki da dazuzzuka suna keɓewa don kada a taɓa ginawa. Yau idan ka shiga Lincoln sai ka rantse kana karkara mai nisa, ga bishiyoyi, ga katangun duwatsu na tsofaffin gonaki. Weston da Dover ma kusan haka suka yi. Tun ran gini ran zane.

Ba na ƙin a kare daji da gona, aikinmu ne ma mu kare su. Amma dokar eka biyu tana da wata fuska. Idan ka ce ba gida sai a kan eka biyu, kuma ka hana ginin bene mai ɗakunan haya, ka riga ka faɗi irin mutumin da zai zauna a garinka ba tare da ka ambaci sunansa ba. Lissafin garuruwan a fili yake: ofis yana biyan haraji kuma ba ya tura yaro makaranta, babban gida yana biyan haraji mai yawa, amma gidan haya mai iyalai ashirin yana kawo yara da yawa da haraji kaɗan. Sai kowane gari ya riƙa zawarcin kamfani yana guje wa ma'aikacin da zai share kamfanin. Boston kuwa aka bar ta da tsofaffin gine-gine da talakawa da raguwar haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kan baƙaƙen fata abin ya fi faɗawa. A daidai shekarun da fararen fata ke fita, baƙaƙe daga kudancin Amurka da tsibiran Karebiyan suna shigowa Boston neman aiki, suna taruwa a unguwar Roxbury da wasu sassan Dorchester, daga baya har Mattapan. Bankuna da dillalai sun daɗe suna hana su bashi da gidaje a unguwannin farare, kuma dokar tarayya da ta haramta wariya a sayar da gida ko haya sai a 1968 aka yi ta. Kafin nan an riga an raba filayen bakin 128. A 1975 kwamitin jihar mai ba hukumar kare haƙƙin jama'a ta Amurka shawara, tare da hukumar yaƙi da wariya ta Massachusetts, suka fitar da rahoto a kan hanyar, wanda tun daga sunansa ya kira ta hanyar Boston zuwa wariya. An yi ƙoƙarin gyara. A 1966 aka fara shirin METCO, wanda ke ɗaukar yaran baƙaƙe daga Boston a bas zuwa makarantun garuruwan kewaye, da yara 220 da garuruwa bakwai, har da Lexington da Lincoln, kuma shirin yana nan har yau. A 1969 majalisar jiha ta yi dokar da ake kira 40B, wadda ta ce duk garin da gidajensa masu sauƙin kuɗi ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, mai gini zai iya tsallake dokar filin garin idan ya ware wani kaso na ginin ga masu ƙaramin ƙarfi. Garuruwa da yawa sun shafe shekaru suna jan ƙafa a kanta.

Wannan magana ban gane nauyinta a aji ba, sai a cikin bas. Akwai lokacin da nake zuwa wani ofis a Burlington da sassafe, ba ni da mota. Sai in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar ƙarshe ta Alewife, in jira bas. Mutanen da nake tararwa a layin ba injiniyoyi ba ne. Masu shara ne, da masu aikin kicin, da masu jera kaya a kantuna, yawancinsu baƙaƙe da 'yan Latin Amurka. Akwai wata dattijuwa da muke yawan haɗuwa, da jakar abincinta a cinya, tana gyangyaɗi tun kafin bas ta tashi. Wata rana muka yi hira ta ce mini daga Mattapan take, abin hawa uku take canzawa kafin ta iso, kuma tun duhu take fitowa. Inda muke sauka babu hanyar masu tafiya a ƙafa. Motar share dusar ƙanƙara ta tura tulin ƙanƙara gefen titi, sai mu bi ta kan layin motoci muna raɓewa, mu ratsa filin ajiye motoci mai faɗin filin ƙwallo biyu kafin mu kai ƙofa. An gina wurin ne da zaton duk mai zuwa da motarsa zai zo. Tun daga ranar, duk zanen da aka kawo mini, abin da nake fara nema a ciki shi ne ta ina mai ƙafa zai bi.

Dalilin wahalar a tsarin hanyar yake. Jirgin ƙasa da bas suna aiki da kyau idan mutane da yawa suna nufin wuri ɗaya, kamar tsakiyar birni. 128 kuwa ta watsa wuraren aiki a kan baka mai tsawon mil da yawa, kowane ofis a bayan nasa filin motoci. An yi tashar jirgin ƙasa a bakinta a 1953, a Westwood, aka kuma kawo layin taragon Riverside kusa da ita a Newton a 1959, amma dukansu layukansu cikin Boston suka nufa, ba su bi zagayen 128 ba. Mai son tafiya daga Dedham zuwa Burlington, mota ce kawai mafita.

Sakamakon haka cunkoso ya zo da wuri. Titin da aka buɗe da layi biyu kowane hannu, bai cika shekara goma ba aka fara faɗaɗa shi. Daga baya har aka halatta wa direbobi bin kafaɗar titi, wurin da aka tanada don motar da ta lalace, a lokutan fita aiki da tashi, kafin a ƙara wani layin a sashen kudu. Kowane faɗaɗawa yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin ya jawo sababbin gine-gine, gine-ginen su sake cika titin. Ranar 6 ga Fabrairun 1978 aka ga iyakar dogaro da hanya ɗaya. Guguwar dusar ƙanƙara ta sauko da rana, ma'aikata suka fito gaba ɗaya suna neman gida, motoci sama da 3,000 suka maƙale a kan 128. Wasu mutane sun mutu a cikin motocinsu, saboda sun bar inji a kunne don ɗumi, ƙanƙara ta toshe salansa, hayaƙi ya dawo ciki.

Akwai wani juyi da 128 ta shiga ciki ba da shirinta ba. Babban tsarin hanyoyi na 1948 ya tanadi wata ƙaramar hanyar zobe a cikin birni, da manyan tituna da za su taso daga waje su tsaga unguwanni su haɗu da ita. An riga an rushe ɗaruruwan gidaje a Roxbury da Jamaica Plain don ɗaya daga cikinsu. Mazauna Cambridge da Boston, baƙaƙe da farare, suka haɗa kai suka ce ba su yarda ba. A Fabrairun 1970 Gwamna Francis Sargent, wanda shi kansa ya taɓa riƙe ma'aikatar ayyuka, ya fito a talabijin ya amsa cewa an yi kuskure, ya dakatar da yawancin sababbin manyan tituna a cikin da'irar 128, daga baya aka soke su. Filin da aka share a Roxbury aka mayar da shi layin jirgi da wurin shaƙatawa, aka buɗe a 1987. Hanyar tarayya mai lamba 95 kuma, wadda aka so ta ratsa tsakiyar Boston, sai aka karkatar da ita ta hau kan 128. Shi ya sa yau za ka ga allon 95 a kan mafi yawanta, amma mutanen yankin 128 suka sani. Har suna auna wuri da ita, su ce wane yana zaune cikin 128, wane kuma wajenta.

Arzikin bakin hanyar ya yi hawa da sauka, kuma ko sau ɗaya ba kwalta ce sanadi ba. Da aka rage kuɗin tsaro da na sararin samaniya a farkon shekarun 1970, injiniyoyi da yawa suka rasa aiki, rashin aikin yi a jihar ya haura kashi 11 cikin ɗari a 1975. Kamfanonin kwamfuta irin su Digital, Wang, Data General da Prime suka farfaɗo da yankin, har aka kafa alluna a farkon shekarun 1980 masu kiran 128 hanyar fasaha ta Amurka. Sai ƙaramar kwamfutar tebur ta zo, kasuwa ta koma Kalifoniya. Wang ta durƙushe a 1992, Compaq ta saye Digital a 1998. A lokacin kuma gini ya riga ya tsallaka zuwa zobe na biyu, hanya mai lamba 495, wadda ta fi nisa, inda fili ya fi araha.

Idan kana son ka gwada wannan tunani a kan abin da ka sani, dubi hanyar Abuja zuwa Keffi, ko da yake ita ta tarayya ce. Tun da aka dawo da babban birni Abuja a Disambar 1991, Nyanya da Mararaba da Masaka suka cika suka batse a bakinta. Amma hoton a juye yake. A Boston masu hali da wuraren aiki ne suka fita suka bar talaka a ciki. A Abuja aiki ya zauna a ciki, tsadar haya da wuyar samun fili da rusau suka tura ƙaramin ma'aikaci waje, har cikin jihar Nasarawa, inda zai iya sayen fuloti a hannun masu gona. Shi ya sa gosulon Mararaba da safe hannun shiga ne, da yamma hannun fita. A wuraren biyu hanya ta buɗe fili, dokar ƙasa ce ta raba mutane.

A Boston ɗin ma maganar ba ta mutu ba. Kamfanonin magunguna da na fasaha da yawa sun koma son cikin gari, musamman unguwar Kendall da ke jikin MIT, mutanen Boston kuma sun ƙaru zuwa 675,647 a ƙidayar 2020. Tsofaffin matattarar ofisoshi na bakin 128 suna neman a ba su izinin gina gidaje da shaguna a kan filayen motocinsu. Gidaje sun yi tsadar da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ba sa iya saye a garin da suke aiki. A 2021 jihar ta yi doka da ta wajabta wa garuruwa 177 da jiragen ƙasa da bas na yankin ke yi wa hidima ko suke maƙwabtaka da su, kowanne ya ware aƙalla yanki ɗaya da za a iya gina gidaje masu iyalai da yawa ba tare da neman izini na musamman ba. Mutanen Milton, a kudancin Boston, suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa a Fabrairun 2024, babbar lauyar jihar ta kai garin kotu, kuma a Janairun 2025 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa dokar tana kan ƙa'ida, dole garuruwa su bi ta.